Yadda na lalata damin Timoti da gaggawa

Ranar da na fara aiki a wata gonar dawakai a Kanada, mai gonar ya ce gobe za mu yanke Timoti, ni kuma na tsaya ina kallonsa don Timoti ɗin da na sani shi ne almajirin Bulus wanda aka rubuta wa wasiƙu biyu a Sabon Alkawari. Ashe ciyawa ce! Wai sunan wani manomi ne a Amurka, Timothy Hanson, wanda ya yaɗa irinta wajen 1720, shi ke nan sunan ya bi ta. Kanta dogo ne siriri kamar wutsiyar kyanwa, tana son sanyi da damshi, zafi da fari kuwa ba ta jure su ko kaɗan don saiwarta ba ta nisa cikin ƙasa.

To yanka dai ba wuya, sai dai kar ka kwantar da wuƙar injin ƙasa sosai, akwai wani ɗan kumburi kamar albasa a gindin karan, a nan ne take ajiye abincinta, in ka aske shi ba za ta sake tohowa da ƙarfi ba. Mukan bar kamar faɗin tafin hannu.

Inda na kwafsa shi ne wajen shanya. Kwana biyu da yanka na ga hadari ya haɗo, mai gonar ba ya nan, na taɓa saman ciyawar na ji ta bushe ƙayau, ban juya ƙasan ba, kawai na hau tarakta na ɗaure dami na jibge a sito ina jin na yi abin kai. Bayan sati na cusa hannu cikin wani dami, wallahi zafi kamar an dafa, da na kwance shi sai farar ƙura ta tashi da warin fumfuna. Doki in ya ci irin wannan tari ne ke biyo baya, wani lokacin ma damin kan kama da wuta da kansa.

Mutumin bai yi faɗa ba, ya dai ɗebi tsinke guda daga tsakiya ya murɗa a gabana, ya ƙi karyewa sai lanƙwasa yake yi. Ya miƙo min ya ce in murɗa da kaina. Duk ranar nan kwashe dami muka yi muna fitarwa waje, ni da atishawa don ƙurarta ma ba ta ƙyale hancina ba.