Abin da takardar bango ta koya mini a zanen Braque

A shekarata ta uku ta nazarin tarihin zane-zane, malaminmu ya ba ni aikin fayyace ma'anar wani zane na Georges Braque, mai zane ɗan Faransa, wanda ya yi a watan Satumba na 1912 a ƙauyen Sorgues da ke kudancin Faransa. Kwanon 'ya'yan itace ne da tambulan, an zana su da gawayi, an kuma wargaza siffarsu bisa salon Kubizim, har sai mai kallo ya nutsu sosai kafin ya tsinkayi inabin da ke saman kwanon.

Rubutuna na farko ya cika da zato. Na ce wargajewar kwanon alama ce ta karayar zuciya, na ce duhun gawayin baƙin ciki ne, na kuma yi ta ƙawata maganar har shafi huɗu. Malam ya karanta, ya ɗago kai ya tambaye ni ko akwai wata wasiƙa ko shaida da ta nuna Braque yana cikin damuwa a wannan shekara. Na yi shiru. Sai ya ce in koma in dubi abin da aka yi zanen da shi, tun kafin in tambayi abin da yake nufi.

Da na koma ne na mai da hankali ga yankunan takarda da aka manna a jikin zanen, masu kamar jijiyar katako, waɗanda da farko na ɗauka ado ne kawai. Takardar bango ce da Braque ya saya a wani kanti a birnin Avignon da ke kusa da Sorgues. Mahaifinsa da kakansa masu fentin gidaje ne, shi ma ya koyi sana'ar yana saurayi a birnin Le Havre, kuma cikin abin da ake koya wa almajirin wannan sana'a har da kwaikwayon katako da marmara a jikin bango. Ke nan ya ɗauko aikin gidansu, wanda manyan masu zane ba su ɗauka a bakin komai ba, ya dasa shi a tsakiyar sabon salon da ya girgiza Faris. Wannan ya taɓa ni fiye da duk baƙin cikin da na ƙirƙira masa, domin ina iya ɗora yatsa a kansa.

Picasso, abokin tafiyarsa a wannan salo, ya fi shi fitowa fili, don ya rubuta kalmomin "Ma Jolie", wato kyakkyawata, a wasu zanukansa, kuma sananne ne cewa masoyiyarsa Eva Gouel yake nufi, wadda ta rasu a 1915. Braque bai bar irin wannan alama ba, shi ya sa a rubutuna na biyu na tsaya ga sana'ar gado da takardar Avignon, na kuma goge wata jimla da nake matuƙar so, wadda ta ce yana kewar mahaifinsa ne.