Hotunan yara a baje kolin noma

Asabar. Da hantsi muka isa filin baje kolin kayan noma, ni da ɗalibaina. Rumfar taraktoci da ta iri da wurin nuna shanu duk a gurguje muka wuce su, domin hankalin yaran na can wajen allon gasar hotuna ta makarantu. Jigon bana bishiyoyi ne da noma mai ɗorewa.

Galibin hotunan faɗuwar rana ce a bayan bishiya. Sun yi kyau ƙwarai, kuma na san jiran da yaro ke yi kafin ya dace da wannan hasken, wani ma da wayar aro. Sai dai kana kallo ba za ka san abin da bishiyar ke yi wa gonar ba.

Wanda ya tsayar da ni na wata yarinya ce daga wata makaranta. Gawo ne a tsakiyar gona da damina, ko ganye ɗaya babu a jikinsa, shukar da ke ƙarƙashinsa kuwa ta fi ta gefe tsayi, ta yi kore shar. Wani dattijo kusa da ni ya ce, ai wannan bishiyar ta mutu. Yarinyar ta rusuna ta ce, "A'a Baba, da ransa. Da damina yake zubar da ganye." Ta yi masa bayani tiryan-tiryan: rana na samun shuka tunda babu inuwa, ganyen da ya zuba ya ruɓe ya zama taki, da rani kuma gawon ya sake tofowa, dabbobi su samu inuwa da abinci. Wallahi na ji daɗi har cikin raina. Wannan yarinya sai da ta fahimci bishiyar kafin ta ɗauke ta.

Namu hoton na saiwar wake ne. Ɗalibina ya tuge shuka ɗaya, ya wanke ƙasar, ya matso da kyamara dab da 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar, kowanne bai wuce kan ashana ba. Ya tsaga guda, cikinsa ja-ja. Jan nan alama ce cewa ƙwayoyin halittar da ke ciki suna aikin ɗauko sinadarin naitirojin, wanda shuka ke buƙata don girma, daga iska suna ba shukar. Gawo ma dangin wake ne, irin wannan aikin yake yi.

Alƙalai sun ba wani hoton faɗuwar rana na ɗaya, gawo ya zo na biyu, mu ba mu samu komai ba. Da ni ce da na ba yarinyar. A ganina ya kamata a riƙa neman kowane ɗalibi ya rubuta layi biyu ko uku a ƙasan hotonsa kan amfanin abin da ya ɗauka, a haɗa da wannan wajen ba da maki.

A mota wata ɗaliba ta tambaye ni ko ana daraja masu dashen bishiya. Na ba su labarin Wangari Maathai ta Kenya, wadda ta fara gangamin dashe tare da mata a 1977, ta samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2004.

Mun yi shawara kowa zai zaɓi bishiya ɗaya a gona, ya riƙa ɗaukarta duk wata daga wuri guda. Ranar 21 ga Maris, Ranar Dazuzzuka ta Duniya, za mu jera hotunan a makaranta.