Kwanon Rana a Kaulaha

Juma'a, Kaulaha, Senegal.

Yau an tashe mu daga makaranta da wuri saboda masallaci, don haka darasin Turancin da nake ba yaran a matsayina na 'yar sa-kai bai wuce gaisuwa da ƙirga ba. Faransancin da na karanta a jami'a yana yi mini amfani a aji da ofis, amma a titi da cikin gida Wolof ce ke mulki. Karin kumallo burodin Faransa ne dogo da kofi, wato gahawa, wanda ake kira Tuba, wanda ƙamshinsa ya tsaya mini a rai tun safe, sai daga baya na gane kimba ce ake soyawa tare da 'ya'yan kofin. Ruwan famfon garin kuwa yana da gishiri-gishiri, kuma har yanzu harshena bai yarda da shi ba.

Da na dawo na tarar uwar gidan da aka sauke ni, wadda kowa ke kira Yaay, ta ɗora cebujen, shinkafa da kifin da ƙasar nan ke alfahari da ita, har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya ta cikin kayan gadon al'adun duniya a 2021. Na roƙa a bar ni in taya, aka miƙo mini turmi. Na daka faski da tafarnuwa da barkono da albasa, ita kuma ta tsattsaga kifin ta cusa haɗin a cikin tsagar kafin ta soya shi a man gyaɗa. A cikin man ta zuba tumatir, ta jefa guntun busasshen kifi da wani naman dodon koɗin teku da aka tsima, mai warin da sai da na ja baya, alhali shi ne ke ba girkin zurfin ɗanɗano. Rogo da karas da kabeji da kabewa da gauta suka shiga manya-manya ba a yanyanka ba, da suka nuna aka tsame su, sannan aka juye shinkafar da aka riga aka turara a cikin romon.

Shinkafar ƙanana ce, kakkarye, irin wadda a Kano mai saye zai ce a rage masa kuɗi ko ya bar ta ga masu waina. A nan ita ake nema, domin ta fi shan romo. Wani malamin makarantarmu ya bayyana mini cewa asalin abin daga mulkin mallaka ne: Faransawa sun tura manoma ga noman gyaɗa, wanda wannan yanki na Salum shi ne cibiyarsa, suka riƙa shigo da karyayyar shinkafa mai araha daga ƙasashen da suke mulka a kudu maso gabashin Asiya domin cike gurbin gero. Abin da aka kawo don talauci shi ne ya zama abincin fita kunya.

Amma ba girkin ne ya fi ɗaure mini kai ba, zaman cin ne. A gidanmu Baba shi kaɗai yake cin abincinsa a turaka, samari kwanonsu daban, mata daban. A wannan gidan babban kwano ɗaya aka ajiye a tabarma, maigida da Yaay da 'yan mata da yara da ni baƙuwa duka muka cire takalma muka kewaye shi. Ni da ban taɓa sa hannu a kwano ɗaya da magidanci ba, kunya ta hana ni ɗaga kai. Ga ƙa'idoji kuma da ba wanda ya faɗa da baki. Kowa gabansa yake ci, ba a tsallakawa zuwa gefen wani, kifi da kayan lambu suna tsakiya amma yaro ba ya kai musu hannu. Yaay ce ke gutsura da yatsu tana cilla wa kowa rabonsa, tana cire ƙaya ba tare da ta daina hira ba, kuma na lura tsoka mafi kyau gabana take faɗowa. Ƙaramin yaron gidan ya dafe bakin kwanon da yatsan hagu don kada ya juya, idonsa a ƙasa har ya gama. A ganina wannan rabo na uwa ya fi namu adalci ga yaro mai sanyin hannu, ko da yake baƙo ba ya samun damar ɓoye ƙoshinsa, domin da na sassauta sai in ji an ce in ci, an ƙara turo mini shinkafa. Ƙanzo ma ba a bar shi a tukunya ba, an kankaro shi an barbaɗa a sama, kuma kowa na so. Wanda ya ƙoshi tashi yake ya wanke hannu ba tare da jiran kowa ba, sannan zoɓo ya biyo baya, daga nan samari suka hura gawayin shayi.

Bayan la'asar 'yan matan gidan suka raka ni Madina Baye, unguwar da Shehu Ibrahim Inyass ya kafa, inda kabarinsa yake tun rasuwarsa a 1975. Ana haramar zikirin Juma'a, harabar masallacin cike da jama'a, kuma Hausa na tashi ta ko'ina. Wani dattijo mai sayar da carbi ya ji na yi magana ya ce, "'Yata, daga ina?" Na ce, "Daga Kano, Baba." Ya tambayi mutanen gida da gajiyar hanya, ya tuna mini cewa zumuncin garin nan da namu ya faro ne tun zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sannan ya ƙi karɓar kuɗin carbin da na zaɓa wa Umma.

Da dare aka ci cere, dambun gero mai laushi da aka cuɗa da garin kuka, da miyar zogale da gyaɗa, kuma shi ne abincin da na ci na ƙoshi ba tare da an matsa mini ba. Yaay ta ce tunda ta ciyar da ni nata, ranar Lahadi sai na tuƙa musu tuwo da miyar kuka, domin ba ta yarda ana yin miya da kuka zalla ba. Gobe da sassafe za mu kasuwa neman daddawa da garin masara.