Rabi da rabi

Babanmu yana da shekara 47 abin ya fara. Ba irin mantuwar makulli ko tabarau ba, a'a, tsayawa ya yi a tsakiyar hanyar da ya shekara ashirin yana bi zuwa wajen aiki, ya kira Mama a waya wai ina ne nan. Yayarsa ma haka ta yi tana 49, kuma an ce mahaifiyarsu ta rikice tun ba ta tsufa ba, lokacin ba wanda ya san sunan abin.

Sai da aka ɗebi jinin Baba aka gwada sannan likita ya zaunar da mu ya ce cutar mantuwa ce da ake kira Alzheimer, irin ta gado, matsalar a wata ƙwayar halitta take mai suna PSEN1. Guda uku aka sani suna kawo irin wannan, ita da PSEN2 da APP, kuma duka masu ita ba su kai kashi 1 cikin 100 na masu cutar ba, mu dai muka faɗo cikin ƴan kaɗan ɗin. Kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya gada ko bai gada ba. Mu huɗu ne, ni da farko na ɗauka biyu za su kamu biyu su tsira, ashe ba haka lissafin yake ba, kowa da nasa daban, ana iya kamuwa duka ana iya tsira duka. Wanda kuwa ya gada kusan tabbas sai ta zo masa, yawanci ma a kusa da shekarun da ta kama mahaifinsa.

Ni yanzu 36 gare ni. Wallahi in na shiga ɗaki na manta abin da ya kawo ni sai gabana ya faɗi, abin da kowa ke yi ya wuce yana dariya.

Ƙanwata ta yi gwajin, ba ta gada ba, kuma maimakon murna sai ta yi sati tana kuka tana jin kamar ta ci amanarmu. Yaya kuwa cewa ya yi ko kyauta ba ya so, tunda ba maganin da ke warkarwa, wanda aka amince da shi a Amurka a 2023 ma, lecanemab, ɗan rage mata gudu kawai yake yi. Gaskiyarsa ce. Amma ni dare ya sha raba ni ina karanta labarin wani dangi masu irin wannan cutar ta gado a yankin Antiyokiya na ƙasar Kolombiya, mutum wajen 6,000 da likita Francisco Lopera ya shekara da shekaru yana bibiya, cikinsu aka samu wata mata mai ɗauke da ƙwayar da ba ta fara mantuwa ba sai da ta haura 70. Mutum ɗaya ce fa, amma na riƙe ta kamar ƴar uwata.

Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne sakamakon nan ba na mutum ɗaya ba ne. Ɗan Yaya na fari shekararsa 19, doka ta ba shi dama, kuma ya dage shi zai yi don yana so ya sani kafin maganar aure da haihuwa ta taso. To in aka samu yana da ita, ai an gama yi wa Yaya gwajin da ya ce ba ya so kenan, don ba ta tsallake uba ta faɗa kan jika. Yaron yana da haƙƙin sani, uban yana da haƙƙin ƙin sani, kuma jinin ɗaya ne.

Jiya ya kira ni ya ce, "Gwaggo, ke za ki raka ni wajen mai ba da shawara kan gwajin? Amma kar ki faɗa wa Abba." Na ce ya bari in yi tunani. Takardar nawa gwajin ma tana cikin jaka wata na biyar kenan ban sa hannu ba.