Abin da ke korar malamai daga kwalejojin al'umma a Amurka

Na koyar da lissafi a wata kwalejin al'umma a jihar Ohayo, irin makarantun nan na shekara biyu da ɗalibi ke yi kafin ya wuce jami'a ko ya kama sana'a. Da digiri na biyu ake ɗaukar malami, kuma ba ruwan kowa da bincike, koyarwa ce zalla. Malamin dindindin yakan ɗauki kwas biyar a zango. Ni na wucin gadi ne, mu ne ma muka fi yawa a irin waɗannan kwalejoji.

Duk wanda ya ji ana barin aikin sai ya ce kuɗi ne. Akwai wannan, tunda iya kwas ɗin da ka koyar ake biyanka. Amma abin da na ga ya fi fitar da mutane shi ne zaman rashin tabbas. Ka gama shirya darussa, ana gab da buɗe makaranta a ce ɗalibai ba su cika ba, an soke ajin. Ko kuma na dindindin ya rasa nasa, a karɓe naka a ba shi. Mai gidan haya kuwa bai san wannan zance ba. Dokar inshorar lafiya ta 2010 ta ƙara dagula lamarin: ta ce mai aikin awa 30 a mako cikakken ma'aikaci ne da za a yi wa inshora, sai kwalejoji da dama suka rage mana kwasa-kwasai don kada mu kai nan. Shi ya sa za ka ga malami yana zirga-zirga tsakanin makarantu biyu ko uku, motarsa ce ofishinsa.

Ɗaliban ne suka riƙe ni. A ajin dare akwai direban babbar mota, da uwar da ta baro yara a gida, da tsohon soja. Ba mai zuwa wasa.

Sashenmu ya daina asarar malamai ne lokacin da muka sami wata shugaba mai fitar da jadawali da wuri, idan za a soke aji ta kira ka da kanta tun kana da damar nema a wani wuri. Ko sisi ba ta ƙara mana ba, ba ta ma da ikon hakan. Da aka sauya ta, abokan aikina suka fara komawa makarantun sakandare, inda akwai albashin shekara da inshora, ni ma na bi su.