An yi mana waƙa da gawayi

Laraba. Sanyi ya dawo da ƙarfinsa, ƙura ta rufe gari har duwatsun Birni ba a hango su daga saman soro. Famfo shiru tun shekaranjiya. Mai garuwa ya ƙara dala biyar a kan kowace jarka, wai layi ya yi yawa. Na biya, ba ni da bakin ciniki da sassafe.

Fitowata ke nan zan tare kabu-kabu sai na ga an yi mana rubutu a katanga. Da gawayi, manyan baƙaƙe, baiti huɗu, kowanne ya ƙare da sunan ƙanwata Auta, sunanta na yanka, ba wanda muke kiranta da shi ba. Mai aikin kuwa yaron nan ne mai neman ta, wanda Yaya ya je har gidansu ya ba su haƙuri bayan salla. Wai barci ya ƙaurace wa idonsa. Wai ko an binne shi ƙasusuwansa za su riƙa kiranta. Wai in ba ita ba sai rijiya. Waɗannan duk mun saba, a bayan motocin haya ma ana rubuta irinsu. Na huɗun ne ya tsaya mini a rai: ya faɗi launin hijabin da ta sa ranar Litinin, da lungun da ta bi ta dawo daga islamiyya. Amsa-amon kuma ya zauna daram, wannan ma wani haushin ne. Na sa almajirinmu ya wanke kafin ƴan makaranta su fara wucewa. Rabin jarka ya tafi a nan.

Ga shi kuma darasin yau da ƴan lise, wato babbar sakandare, kan mawaƙin Faransa Lamartine ne, waƙar tafkin nan da nake so tun ina ɗaliba. Na ba su labarin kamar kullum: ya haɗu da Julie Charles a bakin tafkin Bourget a 1816, suka yi alkawarin sake haɗuwa baɗi, ya dawo ya tarar ciwo ya hana ta zuwa, kafin 1817 ta ƙare tarin fuka ya kashe ta. Samarin bencin baya har da dafe ƙirji. Sai wata ƴar gaba, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu.

"Madam, wurin da take roƙon lokaci ya tsaya, ita ta faɗa ko shi ya sa mata a baki?"

Na ce mata littafin da waƙar take ciki ya fito a 1820, tana ƙasa fiye da shekara biyu, babu mai iya tambayarta. Har na buɗe baki zan ƙara musu cewa matar wani ce, kuma a wannan shekarar ta 1820 mawaƙin ya auri wata Baturiyar Ingila, sai aka buga ƙararrawa. Gara haka, da sun cika mini aji da ihu.

Rana, kwaɗon zogale. Auta na ɗaki, ta ƙi cin komai.

Bayan la'asar Kawu ya zo, labari ya riga ya kai masa. Tun daga zaure yake dariya.

"Ashe Majnunu ya sauka a unguwarku ba ku sanar da mu ba?"

Inna na ɓarar gyaɗa, ba ta ɗago ba. Ni na ce, "Kawu, abin ba na dariya ba ne, bin ta yake yi."

Ya ce ya sani, kuma za a tsawata masa, amma kada in raina yaro don ya yi waƙa, ni da nake cin abinci da waƙoƙin Nasara. Sannan ya gyara zama, kun san in Kawu ya gyara zama an shiga karatu. Ya ce tun kafin Musulunci mawaƙin Larabawa da kuka yake buɗe ƙasida, ya tsaya a kufan da masoyiyarsa ta tashi ta bari. Imru'ul Ƙaisi ma abokan tafiyarsa biyu ya tsayar su taya shi. Ka'abu ɗan Zuhairu da ya zo Madina neman afuwa, da rabuwarsa da Su'adu ya fara, a cikin masallaci, a gaban Manzon Allah (SAW), aka saurare shi har ƙarshe, aka yafa masa mayafi. Burda kuwa da muke rerawa duk Maulidi, da me Busiri ya buɗe ta in ba tuna maƙwabtan Zi Salam da hawaye gauraye da jini ba?

"So ba laifi ba ne, ƴata. Wanda bai taɓa rasa barci saboda wani ba, ko begen Annabi ya yi za ki ji shi salam."

Wannan ban musa ba. Na ce, "Amma Kawu, ka lura duk matan nan ba sa nan. Ɗaya ta tashi ta bar kufai. Su'adu ta yi nisan da sai raƙuma masu gudu ke iya kai mutum wurinta. Tawa ta Faransa ta mutu. Ni ban taɓa cin karo da doguwar ƙasida da aka yi wa matar da ke tsakar gida tana jiran kuɗin cefane ba."

"Ita wannan ai cefanen ake ba ta," in ji shi. Har Inna sai da ta murmusa.

Daga nan ya shiga Majnunun kansa, don shi ne abin son ransa. Ƙaisu ɗan Mulawwahu, na Banu Amir, a Najdu, zamanin Umayyawa. Yadda ya bar mutane ya koma jeji da namun dawa. Yadda yake wucewa ta gidajen su Laila yana sumbatar wannan bango da wancan, yana cewa ba bangon yake so ba, wadda ta zauna a ciki ce. Yadda ubansa ya kai shi Ka'aba ya ce ya kama tufafinta ya roƙi Allah ya yaye masa, shi kuwa ya kama ya roƙi a ƙara masa son Laila. Kawu na faɗin baitocin da Larabci yana lumshe ido, ni ma tsigar jikina na tashi, abin da daɗi a kunne.

Sai Inna ta ajiye tiren gyaɗa.

"Malam, me ya hana a ba shi ita tun farko?"

Ya ce saboda ya sa sunanta a waƙa, waƙar ta bi rijiyoyi da kasuwanni, su kuma a al'adarsu ba a aurar da yarinya ga wanda ya yayata ta, kada a ce wani abu ake rufewa.

"Wato shi ya ɓata abinsa da bakinsa."

"Haka ya zo."

"Ita kuma fa?"

"Aka aurar da ita ga wani mutumin Saƙifa."

"An tambaye ta?"

Kawu ya yi shiru yana jan carbi. Can ya ce akwai baiti biyu da ake jingina mata, inda take cewa babu halin da Majnunu ya shiga wanda ita ba ta shiga ba, sai dai shi ya tona asirin so, ita kuwa ɓoyewa ce ta narkar da ita.

Inna ta ce, "To ka ji mai so." Ta jawo tirenta ta ci gaba da ɓara.

Da zai tashi, don ya rage zafin kayen da ya sha, ya ce ai ko a Kitabul Agani da Abul Faraji ya tara a ƙarni na 10, an kawo maganar masu cewa babu wani Majnunu, ƙirƙirar sa aka yi. Na ce namu dai akwai shi, har babur gare shi.

Abin da ya hana ni sakat tun magariba wani guntun labari ne da Kawu ya kawo a tsakiya ya wuce, wanda ya ce mutanen ɗariƙa suna so ƙwarai. Wai Laila ta zo ta tsaya a gabansa ta ce ga ni, shi kuwa ya ce ta matsa ta ba shi wuri, sonta ya shagaltar da shi daga gare ta. Su suna kawo shi ne misalin bawan da ya nutse a son Ubangijinsa, kuma a wannan fagen na fahimta. Amma in ka sauko da shi ƙasa, tsakanin ɗa namiji da ƴa mace, mene ne aka ce? An ce ba a bukatar yarinyar. Sunanta ake so, da rashinta, don waƙa ta samu abin ci. Laila ma aƙalla tana son nata. Auta ta ce a'a da bakinta, a gaban manya. Yaron nan bai san tana in'ina in ta yi fushi ba, bai san aikin ungozoma take son karanta ba, bai san tana tsoron kyanwa ba. Launin hijabi ya sani da lungu. Kuma na tabbata a fadarsu, ana zuba shayi, abokansa jinjina masa suke yi, wai so ya kama shi. A ina suka koyi cewa nacin da aka hana ka shi ne shaidar so na gaskiya? Wani ɓangare daga rediyo da waya. Wani ɓangare, ina jin, daga irin darasin da na bayar da safe.

Sai kuma tunanin Baba ya zo, ban gayyace shi ba.

Tunda nake ban taɓa jin Inna ta kama sunansa ba. In aka tambaye ta a likita ko wajen yin takardu, waiwayowa take ta ce da ni, "Ke, faɗa musu." Da ya rasu ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ban ji kukanta da sauti ba ko dare ɗaya. In ta yi maganarsa yanzu, ayyukansa take lissafawa: shi ya haƙa rijiyar gidan gona, shi ya aurar da ƴaƴan ƙanensa, bai taɓa kwana da bashin kowa ba. Nana Asma'u ma da ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo marsiya, yawancinta halayensa ne da hidimarsa ga jama'a take jerawa. Da can ina ɗaukar wannan sanyin zuciya ne na mutanen da. Yau da Inna ta ce "to ka ji mai so", muryarta ta ɗan sauya, kuma Kawu, da yake ƙanenta ne, bai ƙara ko kalma ba.

Ba wai shirun nata ya gamsar da ni ba ne. Da na so ko sau ɗaya ta faɗa mana yadda ta ji ranar da aka kai ta gidansa, ko abin da ya taɓa ce mata da ya sa ta dariya. Shekara arba'in da wani abu suna tare, kuma duk wannan zai bi ta kabari, alhali yaron da bai taɓa zama da Auta ko na minti goma ba ya cika mana katanga.

Bayan isha'i Yaya ya shigo da hukunci. Gobe shi da Kawu za su je wajen mai unguwa, a kira uban yaron. Kafin nan Auta ba islamiyya, ba gidan ƙawaye, ba aike, wayarta kuma ta dawo hannun Inna. Daga cikin ɗaki ta ce, "Yaya, ni me na yi?" Ya ce ba ta yi komai ba, don tsaronta ne. Ta ce to shi wa ya hana shi fita? Yaya ya sa takalminsa ya ce sai da safe.

Takardun ƴan ajin ƙarshe na nan a jaka, ban taɓa ko ɗaya ba. Gobe Alhamis, ranar kasuwa, Inna na son kanwa da daddawa daga kasuwar Dole, kuma tunda an hana Auta aike, ni ce zan je bayan an tashi.