Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Neman Motar Ɗaukar Babur

Makon jiya na tsaya a inda ɗana Abba ya bar ƙaramin babur ɗinsa mai 85cc ya koma kan Yamaha YZ125, a farkon 2022. Ranar da babur ɗin ya shigo gida na gane motarmu ta gida ta gama nata aikin. Ƙaramin dai muna ɗora shi a kan wani ƙarfe da ke maƙale a bayan mota. Wannan kuwa tsawonsa ya haura mita 2, nauyinsa ya kusa kilo 95, ga jarkar mai, ga akwatin sifanu, ga tayoyin canji da injin wanki.

Sau biyu muka yi hayar tirela. A na biyun muka je Hawkstone Park da ke Shropshire, filin nan mai yashi da dogon tudu, aka wuni ana ruwa. Yaro ya sauko daga tsere taɓo har wuya, ya tuɓe a kujerar baya yana rawar ɗari. Ni kuma na yi azahar da la'asar a kan kwali tsakanin motoci biyu, iska na neman tafiya da hulata. Washegari uwargida ta buɗe mota za ta kai ƙannensa makaranta. Ta daɗe tana kallon kujerun.

“Baban Abba, ko dai ka nemi motar da za ta ɗauki wannan haukan naku, ko ku riƙa tura shi da ƙafa.”

Na ce to.

Ni bakaniken babur ne tun ina Fagge, injin kam ba ya ɓoye mini komai. Amma sayen motar kaya a Ingila wani karatu ne daban. Abin da ke raina shi ne irin J5 ɗinmu ta masu tumatir da albasa, wadda in ta tashi a bugu ɗaya an gama magana. A Birmingham kuwa kafin ka kalli mota sai ka fara kallon lambarta. Tun 1 ga Yunin 2021 aka shata tsakiyar gari, duk motar kaya mai dizal da injinta bai kai matakin Euro 6 na tsaftar hayaƙi ba, fam 8 za ta biya duk ranar da ta shiga, kuma garejin da nake aiki yana cikin da'irar. Galibin masu Euro 6 daga ƙarshen 2016 suka fara. Hakan ya share mini duk masu arahar da na yi wa alama a waya. Ga shi lokacin motocin kaya na hannu sun yi tsada, don tun zamanin korona masu kai saƙo gida-gida suke wawarsu, sababbi kuma ba sa fitowa da wuri. Fam 9,000 na tara, da guminsa.

Akwai wani dattijo Bature da muke haɗuwa a filin tsere, jikansa sa'an Abba ne. Shi ya ce kada in je ganin mota sai da abu uku: tef ɗin awo, tocila, da tabarmar da zan kwanta a kai. Na yi dariya na ce ai tabarma ba ta rabuwa da ni.

Abba VW Transporter yake so, don ita ce ta 'yan gayun fili. Kyakkyawa ce, ba musu, tana kuma shiga wuraren ajiye motoci masu shingen mita 2. Sai dai kuɗinta na suna ne, kuma babba ba ya iya miƙewa a cikinta. Na ce masa, “Kai za ka hau babur, ni zan duƙa in canja maka taya. Bayan wa zai yi ciwo?” Ya yi shiru. Muka koma kan manya masu dogon rufi: Ford Transit, Mercedes Sprinter, Renault Master. Iyakarmu tan 3.5, abin da lasisin ƙaramar mota ya yarda mutum ya tuƙa ke nan.

Ta farko da muka je gani, ba zan faɗi sunan kamfaninta ba, fara ce sol, an wanke ta har tayoyi suna sheƙi. Mai ita ya tarbe mu injin na aiki. Wannan kaɗai ya sa na sha jinin jikina, don mai sayarwa na gaskiya yakan bari ka tayar da mota da sanyinta, ka ji kukanta na farko, ka ga hayaƙinta. Na shimfiɗa tabarma na shige ƙasa. An fesa wa shasin wani baƙin fenti mai kauri, sabo fil, har yana kama yatsa. Na sa bakin sukudireba a kusa da inda sifirin na baya yake kamawa, na ɗan danna. Ya shige kamar cikin gurasa. Garin tsatsa ya zubo mini a gemu. A ƙasar nan gishiri ake watsa wa titi da hunturu saboda ƙanƙara, shi ke cin mota ta ƙasa alhali samanta na ƙyalli. Na fito na kakkaɓe, na yi godiya. Mutumin ya biyo mu har bakin titi yana rage fam 500.

Ta biyu lafiyarta ƙalau, har na fara lissafin inda zan kafa marikin taya. Da aka zo biya sai dillalin ya nuna mini wasu ƙananan haruffa a ƙasan tallar: kuɗin ban da harajin VAT ne. Kashi 20 cikin 100 a kai. Mai kamfani yana iya karɓo nasa daga hukuma, ni kuwa wa zai mayar mini? Muka dawo gida ba mai ce wa kowa uffan.

Daga nan na daina ƙona mai a banza. Shafin gwamnati na intanet yana nuna tarihin MOT na kowace mota kyauta, wato gwajin lafiyar da ake yi mata duk shekara in ta cika shekara 3. Lamba kawai za ka sa, ya jero maka mil nawa ta yi a kowace shekara da duk abin da mai gwaji ya yi ƙorafi a kai. In ka ga maganar tsatsa ta fito bana, baɗi ta ɓace ba bayani, ka san an yi fenti. In mil ya ragu maimakon ya ƙaru, an taɓa agogo. Bayan isha'i ni da Abba mukan zauna da waya muna tankaɗe su, cikin goma da ƙyar biyu ke tsira.

A haka muka faɗa kan wata Renault Master ta 2017 a wajen Wolverhampton, ta wani mai gyaran famfo da zai yi ritaya. Mummuna ce, in faɗi gaskiya. Ƙofar gefe ta lotsa, inuwar sunan kamfaninsa na nan a jiki inda aka ɓanɓare rubutu, ciki na warin gam. Mil 141,000. Amma ya miƙo mini wani fayil mai kauri, rasit na kowane juyen baƙin mai a jere, da takardar rajistar mota ta V5C mai sunansa da adireshin gidan da muke tsaye. Injinta mai lita 2.3 sarƙa ke riƙe masa lokaci, ba bel ba, kuma da na tayar da shi da sanyi ban ji sarƙar ta yi ƙara ba. Ƙasa kuwa tsatsar sama-sama ce, sukudireba ya dawo da ƙarar ƙarfe.

Na ja tef: daga bangon bayan direba zuwa ƙofa mita 3 da 'yan kai, babur biyu za su shiga a miƙe a bar wurin kaya. Ba taga ko ɗaya a baya, abin da nake so ke nan, don ɓarayin babur a nan leƙe suke fara yi. Sannan na cire takalmi na hau, na tsaya a tsakiya, na ɗaga hannuwa zuwa kunne, na yi ruku'u. Rufin ya kusa mita 1.9, ko hulata bai taɓa ba. Mai motar ya tambayi Abba me babansa ke aunawa. Abba ya ce, “Wurin salla.”

Da aka zo ciniki mai motar ya ce fam 9,400. Na taya 8,500. A Kano da sai ya ce albarka mu ci gaba da ja har shayi ya huce. Shi kuwa ya yi jim, ya ce 8,900 da sharaɗin in bar masa katakon da ya yi wa ciki, zai yi amfani da shi a lambu. Ni da dama cire su zan yi.

A hanyar dawowa na manta cewa doka ta bambanta motar kaya da ƙaramar mota: mil 60 ne iyakarta a tagwayen hanya, inda ƙananan ke yin 70. Bayan kwana tara wata farar ambulan ta iso gida, kuma uwargida ce ta fara ɗauka. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.